Likita a Cikin Waya: Yana Jin Abin da Ke Bayan "Da Sauƙi"?

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a Nima ko Aboabo ya san yadda gaisuwar take. Ka ce, "Sannu Baba, yaya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ko kwana uku ya yi bai runtsa ba, ko ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, amsar ɗaya ce. Ba ƙarya yake yi ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba a tarbar baƙo da ƙorafi, kuma ba a ɗora wa wanda ya zo gaishe ka nauyi. Shi ma mai dubiyar ya san haka, shi ya sa ba ya tsayawa a kan kalmar. Yana kallon yadda dattijon ya jingina da bango, yadda hannunsa ya karɓi kofin ruwa, da yadda matarsa ta sunkuyar da kai lokacin da ya ce da sauƙi.

Likitan kirki ma aikinsa ke nan, ya leƙa bayan kalmar. To, yanzu ga shi likitan ya fara shigowa cikin waya, fuskarsa ba ta wuce tafin hannu ba. Tambayar da ke gabanmu ita ce, mara lafiyar da ya yi magana da likita ta bidiyo, yana tashi da jin cewa an saurare shi, an damu da shi, kamar wanda ya zauna gaba da gaba? Masu bincike a ƙasashe da dama sun auna wannan, kuma amsar da suka samu ba ta miƙe tsaye kamar yadda masu tallar manhaja ko masu ƙyamarta suke so ba.

Ganin likita daga nesa ba baƙon abu ba ne a Gana. Tun shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta ƙasa da gidauniyar Novartis suka fara gwada shi a gundumar Amansie ta Yamma, a yankin Ashanti. Tsarin shi ne, ma'aikacin lafiya da ke ƙauye ya ɗauki waya ya kira wata cibiya da ke aiki dare da rana, likita ko babbar nas ta gaya masa abin da zai yi, ko ta ce a tura mara lafiyar gaba. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa wasu yankuna. A riƙe wani abu guda game da wannan tsari, domin za mu buƙace shi nan gaba: mara lafiyar ba shi kaɗai yake da wayar ba, akwai mutum tsaye a kansa.

Sai korona ta zo. Ranar 12 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum biyu na farko a ƙasar nan, ranar 30 ga watan kuma aka rufe Akra da Kumasi na tsawon mako uku. Mutane suka ji tsoron asibiti, likitoci ma suka ji tsoron cunkoso. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce a makon ƙarshe na Maris ɗin nan, ganin likita daga nesa ya ƙaru da kashi 154 cikin 100 a kan makon irinsa na shekarar da ta gabata. A wurinmu abin bai zo da tsari haka ba. Ta WhatsApp ya shigo, ta hannun ɗan da ke Bronx ko Hambug wanda ya san wani likita, da kuma kamfanoni masu zaman kansu da za ka biya ta Momo su haɗa ka da dokta. Korona ta wuce, al'adar ta zauna.

Me ake nufi da tausayin likita?

Kalmar tausayi takan ruɗar da mutum a nan. Ba "wayyo, Allah sarki" ake nema daga likita ba. Wannan kam maƙwabta sun wadatar da mu. Abin da malaman aikin likita suke nufi abu uku ne a haɗe: likita ya gane halin da kake ciki, ya nuna maka ya gane har ka tabbatar masa ko ka gyara masa, sannan ya yi aiki da abin da ya gane.

Wani likita a Gilasgo ta ƙasar Sikotland, Stewart Mercer, shi da abokan aikinsa suka fitar da ma'auni a shekarar 2004 wanda ake kira CARE. Tambayoyi 10 ne, kuma mara lafiya ne yake amsawa, ba likita ba. Ya sa ka saki jiki? Ya bar ka ka ba da labarinka da bakinka? Ya saurara da gaske? Ya ɗauke ka mutum, ko lamba a kan kati? Ya yi bayani yadda ka fahimta? Kun tsara abin da za a yi tare? Duk wata Hajiya da ta taɓa fitowa daga ɗakin likita tana cewa "wannan yaron yana da kirki" ko "ko kallona bai yi ba" ta amsa waɗannan tambayoyin ba tare da an ba ta takarda ba.

Kuma abin ba na daɗin rai kaɗai ba ne. A jihar Wiskonsin ta Amurka an bi masu mura 350, aka wallafa sakamakon a 2009: waɗanda suka ba likitansu cikakken maki a wannan ma'auni, murarsu ta riga ta sauran warkewa da kusan kwana ɗaya. A Filadelfiya kuma, a 2011, an duba masu ciwon suga 891. Kashi 56 cikin 100 na waɗanda ke hannun likitoci masu yawan tausayi sugansu ya daidaita, a hannun masu ƙarancinsa kuwa kashi 40 ne. Ba sihiri ba ne. Wanda ya yarda da likitansa ya fi faɗin gaskiya, ya fi shan magani a kan lokaci, ya fi komawa ranar da aka ce ya koma.

Binciken da ya fi burge ni shi ne na asibitin Jami'ar Kansas, wanda aka buga a 2012. Likita ɗaya ne yake zagaya mutum 120 da aka yi wa aiki a ƙashin baya. Wasu ya tsaya a kansu, wasu ya ja kujera ya zauna. Duka biyun minti ɗaya da 'yan sakanni yake yi, har ma tsayuwar ta ɗan fi zaman tsawo. Da aka tambayi marasa lafiyar, waɗanda aka tsaya a kansu suka ce bai kai minti 4 ba, waɗanda ya zauna kusa da su suka ce ya wuce minti 5. Kujera ce kawai fa. Idan kujera tana iya wannan, dole mutum ya tambayi abin da allon waya zai iya, da abin da zai ɓata.

Abin da aka gano da aka gwada

A asibitin Mayo da ke Filorida an yi wa masu shanyewar ɓarin jiki tambayoyin nan na CARE. Wasu ƙwararren likita ya duba su ido da ido, wasu ta bidiyo. Mutanen ba su kai 100 ba, amma ba a ga bambanci ba, duka ɓangarorin sun ce likitan ya nuna kulawa sosai. A Italiya kuma, a 2021, an tambayi masu ganin ƙwararrun lafiyar ƙwaƙwalwa, sai ga abin mamaki: waɗanda ake ganawa da su ta intanet sun fi jin cewa an fahimce su kuma an tallafe su.

In da a nan aka tsaya, da sai mu ce shi ke nan, a rufe zancen. Amma akwai masu binciken da ba su tsaya ga tambayar mara lafiya ba, suka ɗauki ganawar kanta suka ƙirga abin da aka faɗa. A Japan, a 2007, an gano ganawar gaba da gaba tana ɗaukar wajen minti 20, ta bidiyo kuwa ba ta kai 14 ba. Kalmomin lallashi da na yabo da na "ci gaba, ina jin ka" duk sun ragu a bakin likitocin. Marasa lafiyar sun ce sun gamsu. Likitocin ne suka ce su kam ba su gamsu ba. A Sikotland, a 2019, an kwatanta hanyoyi uku, gaba da gaba, bidiyo, da kiran waya. Ganawar bidiyo ta gaza ta gaba da gaba da kusan minti 4, matsalolin da mara lafiya ya kawo sun fi kaɗan, bayanin da aka yi musaya ya fi kaɗan, kuma yankewar layi ta yi yawa, a ƙasar da ba ta san dumso ba.

Idan aka jera waɗannan, abin da nake gani shi ne: mutum yana iya kashe waya yana jin daɗin likitansa, alhali bai faɗi rabin abin da ke damunsa ba. Gamsuwa daban, an ji ka daban. Wanda aka hutar da shi kuɗin trotro da zaman layi tun asuba zai yi godiya ko da me aka yi masa, kuma mu musamman ba mu iya kushe wanda ya yi mana alheri ba. Ba wa Bazange takarda ka ce ya auna likitan da ya kira shi har gida, ai maki goma zai ba shi.

Sannan a lura da masu shanyewar jikin nan na Filorida. A gadon asibiti suke kwance, nas na tsaye a gefe, tana ɗaga musu hannu, tana gyara musu filo. Fuskar likita ce kawai take nesa. Daidai da tsarin Amansie ke nan. Wannan daban yake da tsohuwar da ke zaune bakin gado a Sabon Zango, ita da waya.

Ido, shiru da bakin ƙofa

Akwai abubuwan da na'urar kanta take ɓatawa, ba laifin kowa. Na farko ido. Kyamara tana sama, fuskar mutum tana ƙasa. Idan likita ya kalli fuskarka a allo, kai za ka ga kamar ƙasa yake kallo. Idan ya kalli kyamara don ka ji yana kallonka, to shi kuma ya daina ganin fuskarka. Idan ya juya yana rubutu a kwamfuta, a ɗakin asibiti ka ga abin da yake yi, a waya kuwa sai ka ɗauka wani aiki ya samu. Likitan da ya san abin da yake yi zai ce, "Hajiya, ina rubuta abin da kuka faɗa ne, ku ci gaba." Jimla ɗaya ce, amma ba kowa ke tunawa ba.

Na biyu, jinkirin murya. Wani bincike na 2009 da aka yi kan harsuna 10 daga nahiyoyi daban-daban ya nuna cewa tsakanin tambaya da amsa, a matsakaici ɗan Adam kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan kawai yake bari. Kunnenmu ya saba da wannan. Masu bincike a Jamus sun gwada a 2014, suka sa jinkirin sakan 1.2 a layi, sai masu magana suka fara ɗaukar abokin maganarsu mutum ne mara mai da hankali. Ba su zargi layi ba, mutumin suka zarga. Ka ga mace ta daure ta faɗi abin da ya yi wata shida yana cin ta, sai shiru, sai fuskar likita ta daskare, sai ya dawo yana cewa "me kika ce?" Da wuya ta maimaita yadda ta faɗa da farko. A ɗaki, shirun likita girmamawa ne. A waya, shiru yana nufin netwok ya tafi, don haka kowa yana gaggawar cike shi.

Na uku hannu, kuma wannan a bayyane yake. Ba a taɓa ciki ta waya, ba a sauraren ƙirji, ba a jin zafin goshi. Ga da yawa daga iyayenmu, likitan da bai taɓa ka ba bai duba ka ba.

Na huɗu shi ya fi damuna, don ya fi shafar mu. Likitoci a ko'ina sun san wata ɗabi'a ta marasa lafiya: an gama komai, an rubuta magani, mutum ya miƙe ya kama ƙofa, sai ya juyo ya ce, "Af, dokta, akwai wani ɗan abu." Sau da yawa wannan ɗan abun shi ne ainihin abin da ya kawo shi. Mu wannan ba baƙo ba ne gare mu. Baƙo ya zo, an gaisa, an sha ruwa, an yi hirar kasuwa da ta siyasa, sai an tashi raka shi, an kai zaure, sannan ya rage murya ya faɗi abin da ke tafe da shi. Kiran bidiyo ba shi da rakiya. Jan maɓalli ne, ƙit, fuska ta ɓace. Sai dai likita ya ƙirƙiri zauren da kansa, ya ce kafin ya kashe, "Baba, akwai abin da ya rage wanda ba mu taɓa ba?" sannan ya jira, ko da shirun ya yi tsawo.

Wa ke riƙe da wayar?

Binciken da muka ambata a Amurka, Sikotland, Japan da Italiya aka yi su, inda yawanci mara lafiya yana da wayarsa da ɗakin da zai rufe. A zo gidan haya a Mamobi ko Asawase, ɗaki goma sha, tsakar gida ɗaya, labule ne ƙofa da rana saboda zafi. Wayar da ke ɗaukar bidiyo ta ɗan ce ko ta jikar. Shi ya sa data, shi zai kira, shi zai riƙe, shi zai yi tafinta. Kishiya tana wanke-wanke a bakin ƙofa, yara sun taru suna son ganin dokta.

Yanzu a ce matsalar Mma jini ne da ya dawo mata shekaru bayan ta daina al'ada, abin da duk likita zai so ya ji da wuri. Ta yaya za ta faɗe shi ta bakin ɗan da ta haifa? Za ta ce ciwon baya ne da kasala. A ce Alhaji, wanda suga ya taɓa masa ƙarfinsa na namiji, 'yarsa ce ke riƙe da wayar. Zai yi maganar ƙafa da ido, a rubuta magani, a yi sallama cikin fara'a. Likitan bai yi laifi ba, ya yi murmushi, ya yi haƙuri, kuma in an tambayi Alhaji zai ce mutumin kirki ne. Amma likitan bai san su nawa ne a ɗakin ba, don kyamara fuska ɗaya take nuna masa. A asibiti yana iya cewa, "Ɗan ba mu wuri tukuna," ya rufe ƙofa. A waya sai in ya tuna ya tambaya tun farko, "Wa ke tare da ku? Kuna iya magana a sake?" Kuma ko ya tambaya, surukar da uwar mijinta ke zaune a gefe "e" za ta ce.

Abin da iyali za su iya yi a nan ba shi da tsada. A jingina wayar da wani abu, a sa wa mara lafiya abin sauraro a kunne, a gaisa da likita, sannan mai wayar ya ce zai fita ya dawo bayan minti goma, kuma ya fita da gaske, ya kwashe yaran. In tafinta ya zama dole, mace ta yi wa mace, kuma a nemi wadda ba 'yar cikinta ba. Kafin a kira, a sa a rubuta ko a ƙirga abubuwan da ake son faɗa, a fara da wanda ya fi nauyi, kada a ajiye shi sai ƙarshe.

Ga kuma zancen data. Mai jin tsoron kuɗinsa na ƙonewa ba ya ba da labari, taƙaitawa yake yi. Har gaisuwar ma sai a yanke ta, alhali a wurin dattijo gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce, ita ce yake auna mutum da ita. Likitan da ya faɗo masa da "me ke damun ka?" ba sallama, ba "yaya gida", ya riga ya rufe ƙofar da yake son buɗewa.

Inda wayar ta fi

Kada kuma mu mai da asibiti aljanna. Wanda ya bar gida da duhu, ya karɓi kati, ya zauna a benci har azahar a Korle Bu ko Komfo Anokye, ya shiga ya tarar da likitan da ya riga ya ga mutum hamsin, ya san zama ɗaki ɗaya ba shi ne kulawa ba. Tun 1984 wani sanannen bincike a Amurka ya nuna likitoci suna katse mara lafiya bayan sakan 18 da fara magana. Da aka sake aunawa a 2018, sakan 11 aka samu. Duk wannan gaba da gaba ne.

A waya kuwa akwai wani juyi da ba a cika lura da shi ba. A asibiti kai ne baƙo, a kujerar wani, cikin tsoron a daka maka tsawa. A bidiyo likita ne baƙo, kai kana kan tabarmarka. Ina zaton wannan yana cikin dalilin abin da aka gani a Italiya. Likita mai wayo ma yana cin ribarsa: "Hajiya, ku ɗauko mini ledar magungunanku in gani." Sai ga ƙwayar hawan jini da ba a taɓa ba tun watan jiya, ga kwalbar jiƙo da aka saya a tashar mota, ga maganin maƙwabciya da aka ce ya yi mata aiki. Waɗannan ba sa zuwa asibiti.

Sai harshe. A kudancin ƙasar nan, likitan da za ka tarar Turanci ne a bakinsa, ko Tuwi, ko Ga. Tsohuwa ta ce cikinta yana murɗa, ko yana suka, ko yana zugi, kowanne da ma'anarsa, jika ya tattara su duka ya ce yana ciwo. Ta ce zuciyarta na tashi, ya fassara kalma da kalma, likita ya tafi neman ciwon zuciya alhali amai take ji. Idan waya za ta haɗa ta da likita ko nas mai jin Hausa a Tamale ko Kumasi, ni a ganina wannan ya rinjayi duk abin da aka rasa na ido da kujera. Haka matar da ba ta sakin jiki sai da likita mace, kuma babu mace a asibitin garinsu.

Lafiyar ƙwaƙwalwa ma haka. Manyan asibitocin gwamnati uku na wannan fanni, na Akra, na Pantang da na Ankaful, duk a kudu suke. Mutumin Bawku ko Wa ya yi nisa. Na kusa kuma nisansa wani iri ne, tsoron a gan shi a ƙofar a ce ya taɓu, maganar ta bi 'ya'yansa har wurin neman aure. Matashin da damuwa ta hana shi barci zai iya shiga ɗaki da wayarsa, ba wanda ya sani.

Abu biyu dai a kiyaye. Likitan da ɗanka ya samo a Turai ba shi da katinka, bai ga gwajinka ba, shawara zai iya bayarwa, ba ya maye gurbin mai duba ka a nan, kuma duk wanda zai rubuta maka magani a Gana ya kamata ya zama mai rajista da majalisar likitoci ta ƙasa. Sannan akwai ciwon da ba a tsaya neman netwok a kansa: ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, baki ya karkace, jini ga mai ciki, yaro na jijjiga. Zazzaɓi ma gwajin jini yake so, ba kallon fuska ba.

Labarin da ba a faɗa ta allo

A watan Maris 2019, a wani asibiti da ke garin Fremont na jihar Kalifoniya, wani dattijo ɗan shekara 78 yana kwance da ciwon huhu. Da dare, jikarsa ce kaɗai a wurinsa, sai aka turo wata na'ura mai taya da allo a samanta. Likita ne a ciki. Ya gaya masa huhun ya ƙare, babu sauran abin da za a yi, da wuya ya koma gida. Dattijon ba ya ji sosai da kunne ɗaya, na'urar kuma ba ta iya zagayawa ɗaya gefen gadon ba. Sai jikar ce ta riƙa maimaita wa kakanta maganar. Washegari ya rasu. Labarin ya zagaya duniya. Asibitin ya ce kiran ya biyo bayan ganawar da likitoci suka yi da shi ido da ido tun farko, amma ya amsa cewa bai yi wa iyalin yadda ya kamata ba.

Abin da likitan ya faɗa gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce ya yi rashin kunya. Abin da ya ɓace shi ne wanda zai ja kujera ta gefen kunnen da ke ji. A shekarar nan ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoranta kan amfani da fasahar zamani a harkar lafiya, inda ta amince da ganin likita daga nesa a matsayin ƙari ga zuwa asibiti, ba madadinsa ba.

Mu mun san yadda ake kai labari mai nauyi. Ba a aika yaro. Ana neman babba, ya je da ƙafarsa, ya zauna, a gaisa, ya bi a hankali yana duba fuska. Amma yanzu sakamakon gwaji yana shigowa waya a matsayin hoto, wani lokaci kafin likita ya gani, a tura wa ɗa a waje, shi kuma ya nuna wa abokinsa likita, a kira gida da daddare. Sau da yawa wanda ke ɗaukar nauyin maganin daga Bronx ko Landan shi ke fara sanin cewa ciwon daji ne ko ƙoda ta gaza, kuma hankalinsa a tashe yake, yana so a yi magana yanzu-yanzu. Kafin ya haɗa kiran, ya tambayi likitan shi kaɗai ko wannan sakamakon irin wanda ake ji ta waya ne. In likitan ya ce gara a zo, a kai tsohon asibiti ko da kuɗin mota ya yi yawa. In kuwa tafiyar ba za ta yiwu ba, a bari gari ya waye, a kira yayar mara lafiyar ko amininsa ko nas ɗin unguwa ta zo ta zauna kusa da shi, a rage mutane a ɗakin, sannan a kira.